Tsadar fetur: Abin da ke hana baƙon inji zama a cikin Peugeot 504

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lissafin masu tsofaffin motoci ya sauya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a Abuja. Masu Peugeot 504, wadda aka fi sani da Fijo, na cikin waɗanda abin ya fi taɓa, domin injinta mai kafireto ba ya wasa da mai. Shi ya sa da yawansu ke tunanin cire shi su sa wani mai tsimi.

Motar ba baƙuwa ba ce a Arewa. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta buɗe a 1975, kuma aka ci gaba da haɗa 504 a can har wajen 2006, shekaru da dama bayan an daina yin ta a Turai. Har yau a-kori-kura da wagon ɗinta na jigilar buhuna da fasinja zuwa kasuwannin ƙauye. Ga mai irin wannan mota, kuskure wajen sauya inji na nufin abin neman abincinsa ya kwanta a gareji.

Samun injin ba shi ne wahalar ba. A Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, 'yan Beljiyam na nan iri-iri, duk da cewa faɗuwar darajar naira ta ɗaga farashinsu. Wahalar na wajen abin da injin zai haɗu da shi.

Injin fetur na 504 a tsaye yake daga gaba zuwa baya, yana tura tayoyin baya, kuma a kishingiɗe aka ɗora shi da kusurwa 45 domin bonet ya yi ƙasa. Injin da ke zaune miƙe zai iya taɓa bonet ta sama, kwanon baƙin mansa kuma ya ci karo da ƙarfen gindi ko sandar sitiyari ta ƙasa. Wanda ya ɗauka cewa injin 406 zai shiga don shi ma Peugeot ne, ya yi kuskure. A gicciye ake ɗora injin 406, tayoyin gaba yake ja, giyabos ɗinsa kuma ba shi da mafitar da farfela za ta kama.

Giyabos ɗin ne ke yanke hukunci. Dole ramukan kusoshin bayan inji su dace da na bakin giyabos, haƙoran farantin kuloci su hau kan sandar giya daidai, kik kuma ya kama haƙoran fulawul. Idan ɗaya ya saɓa, sai an yanko farantin ƙarfe a sa a tsakani, kuma karkacewar da ido ba ya gani ta isa ta cinye kuloci da boris cikin watanni. Wasu kan kauce wa wannan ta hanyar sayen inji da giyabos ɗinsa tare, misali na Toyota Hilux ko Hiace. Sai dai a yawancin 504, farfela na juyawa ne a cikin wani bututun ƙarfe da aka ɗaure tsakanin giyabos da difaransha. Baƙon giyabos ba shi da wurin kama wannan bututu, don haka aikin kan kai ga sake fasalin ƙasan motar har baya. A nan kuɗin mai walda da mai injin sassaƙa ƙarfe ke iya kamo kuɗin injin kansa.

Injin zamani mai injekta kuma da nasa kayan yake zuwa: ƙwaƙwalwar inji, wayoyinta cif-cif, famfon mai mai ƙarfin turi, wani lokacin har da makullin da aka haɗa shi da ita. Mai saye ya tabbata an haɗa masa da su tun a shago, domin neman su ɗai-ɗai daga baya ya fi tsada.

Hanya mafi sauƙi ita ce zama cikin dangi. Peugeot 505 ta yi amfani da injin lita 2 irin na 504, don haka kayansu da yawa na shiga juna, kuma giyabos mai giya biyar na rage kukan inji da shan mai a doguwar hanya. Akwai ma 504 da ta fito daga masana'anta da injin dizal na Indenor. Amma dizal ba ya juyawa da sauri kamar na fetur, idan aka haɗa shi da difaranshar da ba ta dace da shi ba sai motar ta yi nauyin tashi da kaya ko ta rasa gudu. Ga shi dizal ɗin ma an daɗe da cire masa tallafi.

Iskar gas ta CNG da gwamnatin tarayya ke tallatawa tun 2023 ba ta buƙatar a cire inji ko kaɗan, tulu da na'urar haɗa iska ake ƙarawa. Cikas ɗinta shi ne ƙarancin gidajen sayar da gas ɗin a hanyoyin karkara, inda Fijo ta fi aiki, sannan tulun na cin wurin kaya.

Abu biyu ake yawan mantawa. Inji mai ƙarfi a kan birki da lagireton da aka yi wa ƙaramin inji haɗari ne, musamman ga wagon cike da mutane. Lambar inji kuma tana rubuce a takardun mota, wanda ya sauya bai je ofishin lasisi an gyara ba, zai sha tambayoyi a hannun jami'an VIO ko 'yan sanda, ranar sayar da motar kuma mai saye ya rage masa kuɗi.