Warin danshi a mota: kada ku rufe shi da turare

 Yau zancen mota na kawo muku, amma kada ku ce ma'aikaciyar jinya ta koma bakanike, domin maganar tana da alaƙa da lafiyar yaranmu.

A daminar bara ɗana mai fama da asma ya riƙa tari duk safiya a hanyar makaranta, alhali lafiya lau yake kwana. Na zargi sanyi, na zargi ƙura. Motar kuwa tana wani ɗan wari, ni kuma sai fesa turare nake yi. Ranar da ɗan kunnena ya faɗi na ɗaga robar da ake taka ƙafa, sai na ji kafet ɗin jiƙe sharkaf, fumfuna ta yi baƙi a ƙasansa. Na ji kunya, ni da nake yi wa iyaye wa'azi kan ɗaki mai danshi.

Fumfuna kan fara tsirowa cikin kwana ɗaya zuwa biyu a wuri mai laima, kuma tana tayar da asma da atishawa da ƙaiƙayin ido. Mota ɗaki ne ƙarami a rufe, abin da ke cikinta shi ake shaƙa. Ga kuma wayoyin lantarki da ke bi ta ƙarƙashin kafet, ga tsatsa da ke cin ƙarfen ƙasa a ɓoye. A asibiti ba ma tsayawa kan alama, sai mun nemo musabbabi. Haka za ku yi wa motarku.

Da farko ku tantance irin ruwan. Ku dangwala farin kyalle. In ruwan garau yake, ba launi ba ƙamshi, to na sama ne ko na na'urar sanyaya mota. In yana da santsi da ɗan ƙamshi mai zaƙi, launinsa kore ko ja-ja, ga gilashin gaba yana yin hazo mai maiƙo, to ruwan radiyeta ne ke yoyo daga hita. Wannan aikin bakanike ne, kuma kada a jinkirta. Kada ku ɗanɗana, kada ku bar yaro ya taɓa: guba ne mai lalata ƙoda, zaƙinsa kuma na iya yaudarar yara. In yaro ya sha, a kai shi asibiti nan take, ko da bai nuna wata alama ba.

Sannan ku lura da lokacin da ake jiƙewa. In bayan kun yi tafiya da sanyi a kunne ne, kuma gefen mai zaman banza ne ke jiƙa, to bututun da ke zubar da ruwan na'urar ne ya toshe. Alamar lafiyarsa ita ce ɗigon ruwan nan da kuke gani a ƙarƙashin mota bayan kun tsaya. In babu shi, ruwan ciki yake komawa.

In kuma bayan ruwan sama ko wankin mota ne, sai ku duba wurare huɗu. Na ɗaya, ramin da ke gindin gilashin gaba, inda waifa take. A can tamu matsalar ta kasance: ganyen darbejiyar da muke ajiye mota a ƙarƙashinta da ƙurar hunturu sun cakuɗe sun toshe magudanar, ruwa ya taru ya malalo ciki. Na biyu, ƙofofi. Kowace tana da ƙananan huji a ƙasanta da ruwa ke fita, akwai kuma ledar da ke cikinta wadda wasu masu gyaran gilashi kan yage su ƙi mayarwa. Na uku, rufin da ke buɗewa, ga masu irin wannan mota, domin yana da siraran bututu a kusurwoyinsa. Na huɗu, but: ku ciro tayar ajiya ku leƙa raminta, sau da yawa robar fitilar baya ce ta mutu. Ku tambayi kanku kuma, an taɓa canza gilashin gaba ko an yi wa motar gyaran jiki?

Gwajin ba ya buƙatar kuɗi, mutum biyu ne da buta da tocila. Ɗaya ya zauna ciki, ɗaya ya riƙa zuba ruwa a hankali daga waje. Ku fara daga ƙasa ku yi sama, wuri ɗaya bayan ɗaya, kuna dakatawa 'yan mintoci. In kun fara daga rufi, ko'ina zai jiƙe, ba za ku gane mashigar ba. Ku tuna ruwa matafiyi ne, inda ya kwanta ba lallai nan ya shigo ba. Wurin buɗe bututu kuma kada a soka ƙarfe mai tsini, yana iya huda shi a ƙara ɓarna.

Bayan gyara sai shanya, kuma a nan mutane ke yin sakaci. Soson da ke ƙarƙashin kafet yana riƙe ruwa ko da saman ya bushe. A ɗaga kafet ɗin, a buɗe ƙofofi a rana har ya bushe ƙarau. In fumfuna ta ci soson, a canza shi. Mai asma kada ya tsaya kusa lokacin aikin. In kun ga huji a ƙasan mota ko cikin but, a toshe shi da wuri, domin inda ruwa ya shiga hayaƙin salansa ma zai iya shiga.

Mu dai tsintsiya da buta da yini biyu na rana suka raba mu da matsalar, tarin safiyar ɗana kuma ya lafa, ko da yake bai daina amfani da maganinsa ba. Kafin ruwa na gaba ya sauko, ku ɗaga robar ƙafa ku shafa kafet da hannunku. Wanda ya taɓa cin karo da irin wannan, ya faɗa mana inda ya gano tasa ɓarakar. Allah Ya ba mu damina mai albarka, sai mako mai zuwa.