Tirela a hannun hagu: doka na da kyau, amma a fara share hannun dama

Kafin a kira assalatu a unguwar Sabo ta Ibadan, 'yan gwari sun riga sun kama hanyar Kasuwar Bodija, kowa na jiran motar da ta taso masa daga Arewa da tumatir, ko attarugu, ko albasa. Tun da aka buɗe kasuwar a 1987, cinikin kayan abinci a birnin ya rataya ne a wuyan manyan motoci. Idan tirela ta makara da rabin yini, mai kwandon tumatir ne zai fara ji a jikinsa. Saboda haka duk wata doka da ta shafi yadda waɗannan motoci ke tafiya a kan babban titi, magana ce ta jarin mutanen Bodija.

Dokar da ake nufi ita ce ta hana manyan motocin dakon kaya bin layin gudu. A Ingila, motar kaya da nauyinta ya haura tan 7.5 ba ta da izinin shiga layin ƙarshe na babban titi mai layi uku ko fiye. Su can hannun hagu suke bi, don haka layin gudunsu yana dama. Nijeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, ke nan namu layin gudun shi ne na hagu, wanda ke jikin shingen tsakiya.

Hujjar dokar a fili take. Ƙa'idar hanya ta Nijeriya ta ƙayyade wa tirela da tanka gudun kilomita 60 a awa a kan babban titi, ƙaramar mota kuwa 100. Motar da aka ɗaure ta a 60 idan ta share wuri ta zauna a hannun hagu, sai ta tilasta wa na bayanta su wuce ta ta dama, inda direban tirela bai cika ganin abin da ke gefensa ba. Wanda ya saba bin titin Legas zuwa Ibadan, mai tsawon kusan kilomita 127, ya san wannan wasa da rai: tireloli biyu su jera kafaɗa da kafaɗa, ɗaya na neman wuce ɗaya, su toshe hanya, bas-bas na bayansu na kutse ta gefen titi. A sassan da aka faɗaɗa zuwa layi uku bayan aikin da aka ƙaddamar a 2013, babu wani uzuri da ya rage wa babbar mota na hawa layin ƙarshe. Ya kamata a rubuta haramcin ƙarara, a kafa alluna, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta tsaya a kansa.

Sai dai adalci ya buƙaci a tambayi abin da ke kora direba zuwa hagu tun farko. Sau da yawa hannun daman ne ba ya biyuwa. A Ogere, an daɗe ana kuka da tankoki da tirelolin da ke kwana a bakin titi har su cinye layi guda. A kusa da Ojoo da Iwo Road, 'yan bas na lodi a kan kwalta, masu talla na ratsawa. Motar da ta lalace kan yi kwanaki a inda ta tsaya, ba wata alama sai ganyen da yaron mota ya zuba. Direban da ya kwana biyu a hanya, ɗauke da kayan da ke ruɓewa, ba zai zaɓi layin da zai riƙa taka birki kowane minti ba. A ce masa ya tsaya dama alhali an bar dama a cushe, umarni ne da an san ba zai bi ba.

Akwai kuma abin da ya fi damun 'yan kasuwa. Kowace sabuwar doka a kan hanyoyin ƙasar nan takan haifi sabon shinge, kowane shinge kuma da na goronsa. Yawan haraji da karɓe-karɓe a hanya na cikin koke-koken da dillalan abinci da na shanu suka gabatar lokacin da suka dakatar da kai kaya Kudu a ƙarshen Fabrairun 2021, jim kaɗan bayan rikicin kasuwar Sasa. Mazauna Ibadan ba su manta yadda tumatir ya yi tsada a 'yan kwanakin nan ba. Idan haramcin layin hagu ya zama wata kafar tare mota a yi ciniki, tirela za ta ci gaba da bin hagu, kuɗin kuma ya hau kan buhun albasa. Kyamara ce ta dace da wannan aiki: ta ɗauki lambar mota, tara ta je wa mai motar, ba tare da an tsayar da kowa ba. Mai motar ne ke yanka wa direba lokacin isowa, shi ya kamata ya biya.

A titunan da ke da layi biyu kacal, kamar yawancin hanyar da ta gangaro daga Ilori ta Ogbomosho da Oyo, haramci baki ɗaya ba zai yiwu ba, domin dole wata rana tirela ta wuce 'yar'uwarta. Abin da za a nema a nan shi ne ta wuce ta koma hannunta.

Shugabannin 'yan kasuwar Bodija da na Sabo, da ƙungiyar masu motocin haya ta NARTO, suna da bakin magana a wannan batu, kuma gara su yi ta tun kafin a rubuta dokar. Su amince da barin hannun hagu, su kuma nemi a ba su tashoshin kwana na manyan motoci, da motar janwe da za ta ɗauke wadda ta lalace cikin awanni, da alkawarin cewa ba za a ƙara shinge ko ɗaya ba.