Ciwon da Ba a Ba Shi Suna Ba Ma Ciwo Ne

Na gaji da jin “ai ba ki yi kama da marar lafiya ba.” Wallahi na gaji. Sai an ga mutum a shimfiɗe ana yi masa fifita sannan za a yarda da shi? A nan Kunci, in ciwonka bai zo da zazzaɓi ba, bai kumbura ba, bai zubar da jini ba, aikinka ya zama biyu: ka yi jinya, ka kuma yi ta rantsuwa cewa da gaske kake.

Minjirya ta kama ƙafata ta hagu ta ƙi saki. Idon dama ya koma gani dishi-dishi, in na juya shi ya yi zafi, jan atamfa ma ya koɗe a cikinsa. In na sunkuyar da kai a ruku’u sai wani abu ya tsarga mini daga wuya har gadon baya. Alli yana suɓucewa daga hannuna a gaban yara. Fitsari ya daina ba ni lokaci. Ga wata gajiya da barci ba ya kashe ta. Likita a birni ya saurara, ya ƙwanƙwasa gwiwa, ya haska ido, ya ce yana zargin cutar da suke kira MS a taƙaice. Zargi ne, ba tabbas ba. Ya ce in jira.

Ga yadda cutar take. Garkuwar jikin mutum ce ke rikicewa ta far wa rigar da ta lulluɓe jijiyoyi a ƙwaƙwalwa da laka da jijiyar ido. Kamar wayar lantarki ce da ɓera ya gwaguye robarta: wuta ta zo yau, gobe ta yi tartsatsi, jibi ta ɗauke. Shi ya sa za ka gan ni da safe ina tafiya garau, da azahar ina jan ƙafa. Ba a ɗaukarta daga wani, ba kuma sabuwar cuta ba ce. Wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, ya bayyana ta tun 1868. Ƙididdigar 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ne ke fama da ita a duniya, mata sun ninka maza, kuma ta fi kama mutum tsakanin shekara 20 zuwa 40, daidai lokacin goyo da noma da neman abinci.

Akwai jiran da na yarda da shi. Babu gwaji guda da ke yanke hukunci a kan wannan cuta. Sai an ɗauki hoton MRI na kai da baya, wani lokacin a ɗebi ruwan laka, a ga tabon a wuri fiye da ɗaya, sannan a kore sauran cututtukan da ke kama da ita: ƙarancin bitamin B12, tarin fuka na ƙashin baya, ciwon suga da ya taɓa jijiya, da wata ’yar’uwarta mai tsananin cin ido da laka wadda ta fi yawa a baƙar fata. Likitan da ya ƙi yin gaggawa ya kyauta.

Jiran da ke ƙona mini rai shi ne wanda mutane suka ɗora a kai. Ka sayar da tunkiya da buhun gyaɗa ka haɗa kuɗin hoto, ka fita tun asuba ka nemi motar Kano, ka isa a ce na’ura ta lalace. Ka dawo a ce babu wuta. Ka sake dawowa a ce ana yajin aiki. In an ɗauki hoton, layin ganin likitan jijiyoyi ya kai ka wata mai zuwa, don likitocin ’yan ƙalilan ne, wasu kuma sun tattara sun tafi Saudiyya da Ingila. Kowace dawowa kuɗin mota ne, kuma ƙafar da ake wa wannan zirga-zirga ita ce marar lafiyar.

To kafin asibiti ya ba ciwon suna, gari ya riga ya raɗa masa goma. Goggo ta ce iska ce, a yi hayaƙi. Maƙwabciya ta rage murya ta ce jifa ne, har da nuna gidan da ya fito. Mai kemis bai taɓa ni ba ya ce taifod, ya ɗaura ƙarin ruwa. Mai lasifika ranar kasuwar Shuwaki ya ce basir ne ya hau kai, ko sanyi, jarka ɗaya ta wadatar. Ni mai addu’a ce, da ita nake kwana da ita nake tashi, kuma na san waraka ta Allah ce. Amma wanda ya karɓi kuɗin hoton mace ya ce mata asibiti ba su san wannan ba, ya cuce ta, ya kuma haɗa ta gaba da kishiya ko facala da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Mafi ciwo shi ne masu cewa son jiki ne. Matar da ta yi shekaru tana daka da surfe da ɗebo ruwa, yau da tsakar rana za ta koyi lalaci? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Har cikin masu ilimi za ka ji ana cewa ai wannan cutar Turawa ce. An daɗe ana koyar da haka. Amma wa ya duba? Ƙasar da ba ta da na’ura ba ta da likitan jijiya, ta yaya za ta ƙirga masu cutar? A Kalifoniya ta Amurka, inda ake dubawa, binciken 2013 ya gano matan baƙar fata sun fi fararen mata kamuwa. Namu kuwa suna ɗaka, an ce da su shanyewar jiki ce ko aljanu, an rufe maganar.

Su kuma masu ce mana haƙuri daga kan mumbarin siyasa, ciwon kai kaɗai ke kai su Masar da Dubai da Jamus. A Abuja aka zauna a 2001 aka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. A 2022 aka yi dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa. Ka zaga gonakin bakin Dam ɗin Gari ka tambayi masu noman rani wa ke da kati. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan MS uku cikin jerin waɗanda bai kamata ƙasa ta rasa ba, don suna rage tashin ciwon da saurin naƙasa. Mu ko sunan ciwon ba mu samu ba, balle magani. Duk watan da ya wuce a layi, jijiya ce ke ƙara lalacewa.

’Yar’uwa, in kina cikin irin wannan jira, kada ki zauna zaman gawa. Zafi yana tayar da alamun, likitoci sun daɗe da sanin haka, kuma kin san ranar Afrilu a ƙasarmu. Ki yi aikinki da sanyin safiya da yamma, ki jiƙa zane ki yafa, ki sha ruwan randa. Kada ki rage shan ruwa don tsoron fitsari. Ki riƙe sanda in ƙafa na yaudararki, duk mai kallo ya kalla. Ki yi sallarki a zaune in tsayuwa ta gagara, addini ya ba ki wannan sauƙin. Ki samu littafi ki rubuta abin da ya fara, ranar da ya fara, da ranar da ya lafa, ko ki sa ɗanki ya rubuta, don da shi likita zai yi aiki.

Kai kuma maigida, ka daina tambayar ta ko ta tabbata. Ka raka ta. Ranar da ganinta ya ragu farat ɗaya, ko ƙafafu suka ƙi ɗaukarta, ko fitsari ya ƙi fita, kada ka tsaya duba ranar da aka rubuta a kati. A ranar za ku tafi asibiti, ko da bashin kuɗin mota za ka ci.