Shirwa Ta Ɗauke Ɗan Tsako, Amma Ban Yarda A Sa Mata Guba Ba

Makon jiya na kai yara Balan, can ƙasar Gaya, gaishe da gwaggona. Muna zaune a tsakar gida da hantsi sai kaza ta yi wani irin kuka, 'yan tsakinta suka watse. Kafin mu ɗaga kai shirwa ta yi sama da guda. Gwaggo ta ce na uku ke nan. Wani saurayi a gidan ya ce ya san maganinta: a barbaɗa guba a hanjin kaza, a ajiye bayan katanga.

Na ce Allah ya kiyaye. Uwargida, guba ba ta zaɓe. Kare zai ci, kaji za su tsattsaga, ga yara masu rarrafe. Kuma ku tuna ungulu. Muna yara, ba mahautar da za ka je ba ka gan su jere a kan katanga ba. Yau 'yata mai shekara tara ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba, a karin magana kawai ta san ta. Guba da masu farautarta don haɗa magani ne suka rage ta, har a 2015 ƙungiyar IUCN ta sa irin tamu ta gari cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.

Maimakon haka muka kife ragowar tsakin da kwando, sai an ga gashinsu ya yi ƙwari a sake su. Da yamma na fita da yaran bakin gona, muka zuba wa sama ido. Shirwa ba ta da wuyar ganewa: ruwan ƙasa ce, ƙarshen wutsiyarta a tsage, tana murza ta kamar mai tuƙi. In ana ƙona ciyawa, ita ce ke shawagi kan hayaƙin tana cafke fara. Shaho bai kai ta girma ba, kuma shi ɗan kwanton ɓauna ne, daga cikin bishiya yake faɗowa.

Gaggafa kam ba mu samu gani ba. Gwaggo ce ta siffanta musu ita: baƙa, jar fuska, jajayen ƙafafu, wutsiya kamar babu. Ta ce rabonta da ita tun kafin a haife ni. Ƙaramin nawa bai sauke kansa ba har aka kira magariba, wai shi sai ya gano ta.