A Koya Wa Yaran Karkara Su Sa Waya Aiki

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta, ko ya bi ta Dawanau ya nufi Bichi, ya san irin ƙasar da za mu yi magana a kanta yau. Gona na jingine da gona, ƙauye na hangen ƙauye, ba daji ba saura. Manomi yana noma fili ɗaya shekara da shekaru, yana ciyar da shi da takin gida, in ya rasu a raba wa magada, gonar ta ƙara ƙanƙancewa. Ƙasa dai ba za ta ƙaru ba. Abin da zai iya ƙaruwa shi ne amfanin da a ke samu cikinta, musamman da rani, wannan kuwa sai da ruwa da dabara.

To, akwai wani kayan aiki da ya riga ya shiga kowane ƙauye na wannan yanki ba tare da hukuma ta kashe ko anini ba, watau wayar hannu. Tun daga 2001 ta yi ta yaɗuwa a Nijeriya, har yau ga ta a aljihun ɗan makaranta da na mai kiwo. Amma me yaranmu ke yi da ita? Gaisuwa, da kallon majigi, da muhawarar ƙwallo. Mu a ganinmu wannan daidai ya ke da a ba mutum ingarman doki ya ɗaure shi a turke yana sha'awar gashinsa. Wayar nan ƙaramar kwamfuta ce, ana iya koya wa yaro ya rubuta mata manhaja da kansa, har ta umurci fitila ta kama, ko famfon ban ruwa ya tashi.

Kada wani ya ce wannan aikin Turawa ne. A maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar, wani mutum mai suna Abdou Maman Kané ya ƙirƙiro hanyar ban ruwa daga nesa, inda manomi zai kunna famfon lambunsa ko ya kashe shi da wayar hannu, famfon kuwa da hasken rana ya ke aiki. Saboda wannan aiki, cikin 2015 aka ba shi babbar kyautar ruwa ta duniya mai sunan Sarki Hassan na Biyu na Maroko, a taron da aka yi a birnin Daegu na Koriya ta Kudu. Ranar da ke dukansa ita ke dukanmu, farin da ke damunsa shi ke damunmu. Abin da ya yiwu a Yamai ba zai gagara a Kunci ko Tsanyawa ba.

Bari mu bayyana yadda abin ya ke, don malamin da bai taɓa gani ba ya san ba tsafi a ciki. Akwai wani ɗan allon lantarki, bai kai tafin hannu ba, sunansa Arduino. A garin Ivrea na ƙasar Italiya aka fara yinsa cikin 2005, kuma don ɗalibai aka yi shi, ba don injiniyoyi ba. Ƙarfin wutar da ya ke aiki da ita bolt 5 ne kurum. Ana jona masa wani ɗan abu mai karɓar saƙon Bluetooth, kana a jona masa makunni na musamman da a ke kira rile. In yaro ya danna hoton maɓalli a fuskar waya, sai ta aika da alama guda, misali lamba 1. Allon ya karanta, ya sakar wa makunnin 'yar wuta kaɗan, makunnin ya haɗa igiyar batir da famfo, ruwa ya zubo. In ya aika da lamba 0, makunnin ya saki, famfo ya tsaya. Iyakarta ke nan. Saƙon Bluetooth irin wannan ba ya wuce kamar mita 10, saboda haka in gona ta yi nisa sai a sa wa allon abin da ke ɗaukar layin waya, a riƙa aika masa da gajeren saƙo daga gida. Akwai kuma wani allo, ESP32, wanda wani kamfanin ƙasar Sin ya fitar cikin 2016, shi da Bluetooth ɗinsa da Wi-Fi ya ke zuwa. Waɗannan kaya duka, in an haɗa su, ba su kai kuɗin akuya ɗaya ba.

Saura manhajar da ke cikin wayar. Masu sana'ar rubuta manhaja da Android Studio su ke aiki, shi kuwa yana son kwamfuta mai ƙarfi, wadda ma'ajinta na aiki bai gaza gigabait 8 ba, ga cin wuta, ga cin kuɗin intanet. Makarantar ƙauye kada ta fara da wannan. Akwai App Inventor, wanda Google ta fito da shi cikin 2010, daga baya jami'ar MIT ta Amurka ta karɓi riƙonsa, kyauta kuma a ke amfani da shi. A nan yaro ba ya rubuta dogayen umurni, sai dai ya ɗauko guntayen umurni ya jera su kamar mai ɗora tubali, nan take ya gwada a waya ya ga abin da ya gina. Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya, da farantin sola, da wayar malami, sun isa aji ya fara.

Mun san abin da wasu za su ce: makarantar da ba ta da kujeru, rufinta na yoyo, ina ita ina allon lantarki? Maganarsu da gaskiya, ba kuwa mu ce a bar gyaran rufi ba. Amma da babu gara ba daɗi, kuma wanda ya ce sai ya gama ginin gida kafin ya yi shuka, damina za ta wuce shi. Tsoron da ya fi wannan a wurinmu dabam ne. A yawon duba makarantu mun taɓa shiga wata sakandare, muka tarar da kwamfutoci jere cikin ɗaki, an lulluɓe su da ƙyalle, ƙura ta rufe ƙyallen, mabuɗi kuwa yana aljihun shugaban makaranta, wai kada yara su lalata. Aka sayi kaya, ba a horar da malami ba. Kuɗin jama'a ya tafi, yara ba su ƙaru da kome ba. In haka za a yi da wannan sabon aiki, gara a bar shi tun yanzu.

Don haka sai a fara da malami. Allah ya hore wa wannan yanki wuraren horo a kusa: ga Kwalejin Ilmi ta Tarayya mai koyar da sana'a a Bichi, ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, ga Kwalejin Kimiyya ta Dawakin Tofa. Muna ba da shawara a shirya gajeren kwas lokacin hutu, kowace makaranta ta aiko da malami ɗaya, kada kuma a sallame shi sai ya kunna fitila da wayarsa, ya koma da kayan da ya koyi aikin da su. Masu gyaran waya na kasuwar Farm Centre a Kano, da yawansu ba su yi doguwar makaranta ba, amma sun iya dalma da gwajin wuta. Ba abin kunya ba ne malami ya durƙusa gabansu ya koya.

In malami ya dawo, muna roƙonsa abu uku. Na farko, ya tsaya kan batir. Wutar gida mai bolt 230 tana kisa, kada ya bari yaro ya kusance ta da sunan gwaji. Na biyu, ya bi sannu: fitila tukuna, kana ɗan famfo mai bolt 12 a lambun makaranta, kana abin auna laimar ƙasa, wanda zai sa famfo ya tsaya da kansa in ƙasa ta ƙoshi. Ya kuma faɗa wa yara gaskiya, injin fetur mai jan igiya waya ba ta tashe shi, sai famfon lantarki. Wannan ma ya zo kan gaɓa, gama tun da aka janye tallafin mai cikin watan Mayu na 2023, masu noman rani da dama sun juya ga famfon sola. Na uku, kada a ware 'yan mata. Wannan aiki na natsuwa ne, ba na ƙarfin damtse ba.

Ku kuma akawuna da ma'ajin ƙananan hukumomi, magadan ma'aikatan En'e na da, ku ne ke zana tsarin kuɗin shekara. In malami ya kawo takardar neman waɗannan 'yan kaya, kada ta kwana ƙarƙashin fayil don sunayensu baƙi ne a kunnenku. Ku tambaye shi ya nuna muku, ku je makarantar ku gani da idonku, sa'an nan ku biya. Bayan wata shida ku koma, in kun tarar da kayan a kulle cikin kabad, ku tambayi dalili.

Yaron da ke ƙera mota da karan dawa da murfin kwalba, ya ja ta da zare a ƙofar gida, basirar na nan, jagora ya rasa. In makaranta ba ta kama hannunsa ba, da an cire amfanin gona zai tafi cin rani birni, wata shekara kuma ba zai komo ba. In kuwa ya koyi haɗa waya da famfo, ga madatsar Watari a Bagwai, ga ta Thomas kusa da Dambatta, ga rijiyoyin fadama, duk masu lambu ne da za su nemi mai haɗa musu da mai gyara musu, ya ci abinci a garinsu kusa da iyayensa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya ba malamanmu himma, ya ba hukumominmu ikon kama musu, amin.