Manhajar da mai ita ya tafi da makullinta



Mu nan radiyo ta saurare muka fi sani: a murɗa, a ji labaru, a ji gaishe-gaishe. To amma akwai wasu mutane a duniya da ba su tsaya ga saurare ba. Magana suke da junansu ta iska, daga ɗakunansu, da ƴar na'ura da eriya bisa rufin gida, ba rezo, ba kati. Su ne ƴan sha'awar radiyo. Kowane ɗaya hukumar ƙasarsa ce ke ba shi izini da lambar kira. Ta Nijar da 5U take farawa, ta Najeriya da 5N. Ba sana'a ba ce, doka ma ta hana a nemi kuɗi da ita. Ranar da girgizar ƙasa ko ambaliya ta kashe wayoyi, sau da yawa su ake nema.

Yanzu babban ɓangare na aikin nasu kwamfuta ke yin sa, kuma manhajojin da suke aiki da su galibi ba kamfani ya rubuta ba. Mutum ɗaya ne ko biyu, bayan an tashi aiki, da dare. Tambayar da ta dame mu ke nan: in mutumin ya gaji, ko ya tsufa, ko Allah ya yi mishi cikawa, manhajar fa?

Ga abin da ya faru a Ingila. Wani mai suna Roger Barker ya rubuta manhaja ana ce mata UI-View, wadda ke nuna bisa taswira inda kowace tasha take, tana kuma aika gajerun saƙonni ta radiyo. Ta samu karɓuwa sosai a ƙasashe da dama. Barker ya rasu a 2004, kuma bisa wasiyyarsa aka lalata asalin rubutun manhajar, wato tushen da sai da shi ake iya gyara ta. Manhajar ba ta daina aiki ranar ba. Mutane sun ci gaba da ita shekara da shekaru. Sai dai Windows na canzawa, na'urori na canzawa, ita kuwa tana nan yadda ya bar ta, ba mai iya taɓa ko harafi ɗaya. Kamar mota ce da aka liƙe bakin injinta da walda: tana tafiya, amma ranar da ta tsaya duk ƙwarewar bakanike sai kallo.

Sai ku dubi WSJT-X. Joe Taylor, farfesan jami'ar Princeton a Amurka wanda ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 1993, shi ya faro wannan aiki tun 2001. A 2017 shi da Steve Franke suka fito da tsarin FT8, wanda ke iya tsamo saƙo daga cikin shuuu ɗin da kunnen mutum ba ya jin komai a ciki, ana musayar saƙo duk daƙiƙa 15. Da ƙarfin wuta kaɗan mutum na iya kaiwa wata nahiya. Tushen manhajar a buɗe yake, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya rarraba. A ƙarshen 2021 ɗaya daga cikin ginshiƙan aikin, Bill Somerville, shi ma ɗan Ingila, ya rasu. An yi babban rashi, amma aikin bai tsaya ba, sabbin fitowa sun ci gaba da zuwa. Wani ma, Jordan Sherer, ya ɗauki tushen ya gina tashi manhajar, JS8Call, don mutane su riƙa hira da rubutu mai ɗan tsawo.

Mutuwa ɗaya ce ta zo wa gidajen biyu. Abin da ya bambanta su shi ne inda aka ajiye makulli.

Ra'ayinmu a nan a fili yake: duk manhajar da jama'a za su dogara da ita ranar wuya, tushenta ya kamata ya zama a buɗe. Mun san akwai masu cewa gumin mutum nasa ne, in ya so ya rufe, in ya so ya sayar. Gaskiya ne, kuma ba mu ga laifin Barker ba, haƙƙinsa ne. Akwai ma rufaffun manhajoji masu kyau ƙwarai, kamar VARA ta wani ɗan Sifen, wadda ake aika wasiƙu da ita ta gajeren zango, mutane na biya da daɗin rai don tana aiki. Maganarmu ba a kan mai rubutawa take ba, a kan masu zaɓa take. Ƙungiyar agaji da ta ɗora dukkan shirinta bisa abin da mutum ɗaya ke riƙe da sirrinsa, ta san da cewa rance ta ci.

Amma kar a ruɗe mu, buɗe tushe kaɗai ba ya raya manhaja. Intanet cike take da ayyukan da tushensu ke buɗe kuma sun mutu murus, don ba wanda ya waiwaye su. Aikin riƙo shi ne mai wuya, kuma ba shi da daɗi: amsa koke-koken mutane, gwada na'ura bayan na'ura, sake rubuta abin da jiya ma yana aiki lafiya.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne CHIRP. Kun san ƙananan oba-oba ɗin nan na Sin, irin su Baofeng, da ake gani hannun masu gadi da masu shirya taro? CHIRP ce manhajar da mutane da yawa ke saita musu tashoshi da ita ta kwamfuta, kyauta. Dan Smith ya faro ta, ƴan sa-kai suka yi ta ƙara mata nau'o'in radiyo har suka kai ɗaruruwa. An rubuta ta da harshen Python na 2, shi kuwa aka daina kula da shi a farkon 2020. Dole aka kwashe ta zuwa Python na 3, aikin da ya ci shekaru, don kowane nau'in radiyo sai an samu mai irinsa a hannu ya gwada ya ce ya yi ko bai yi ba. Mai gyaran radiyo da ya saita oba-oba goma yau a kasuwa bai san an yi wannan wahala ba, kuma ko dala bai biya ba.

Kuɗi ma na da nasu wuri. A 2019 wata gidauniyar ƴan sha'awar radiyo a Amurka, ARDC, ta sayar wa Amazon wani yanki na adireshin intanet da take riƙe da shi, a kan dalar Amurka miliyan 108. Da kuɗin take tallafa wa ayyuka masu buɗaɗɗen tushe, ciki har da FreeDV, mai aika murya ta gajeren zango. Madalla. Sai dai tallafi na zuwa ya ƙare, mai amsa koke kuwa kullum ake bukatarsa.

To mu ina namu? Ba sai mun zama Joe Taylor ba. Muna da ɗalibai masu karatun kwamfuta da lantarki a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da André Salifou ta Damagaram, da Djibo Hamani ta Tawa. Maimakon aikin ƙarshen karatu da za a ɗaure a ajiye a kabad ƙura ta ci, malami na iya ba ɗalibi gyaran matsala guda ta gaske a ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji, sunansa ya shiga cikin masu aikin, duniya ta gani. Mai gyara da ya ci karo da sabon nau'in oba-oba da CHIRP ba ta gane ba, ya kai rahoto, kar ya ja tsaki ya rufe kwamfuta. Wanda ya iya Faransanci da Ingilishi ya taimaka da fassarar bayanai, har zuwa Hausa in da hali.

Abu ɗaya dai: karanta tushe, gyara shi da fassara shi ba sa bukatar izinin kowa, amma watsa magana ta iska na bukata. Duk wanda sha'awar ta kama shi har yana son kafa eriya, ya fara zuwa ARCEP ya nemi takarda tukuna, balle a wannan hali na tsaro da muke ciki.