Ra'ayinmu: Wanda ya sayi suna, ya sayi alkawari

Ƴan kasuwarmu da ke zuwa Dubai sarin kaya, wasunsu sun ga wani ƙaton jirgin ruwa a tsaye a tashar Port Rashid, ba ya zuwa ko'ina. Sunansa Queen Elizabeth 2, ana taƙaita shi QE2. Shekara 39 ya yi yana ɗaukar fasinja, kuma an sayar da shi ga wani kamfanin gwamnatin Dubai kan dala miliyon 100 a 2007. Ya daina tafiya a 2008, kuma tun 2018 ya koma otel. Labarin kamfanin Cunard da ya mallake shi abin dubawa ne ga duk mai rumfa ko mai mota a kasuwannin iyaka, domin labari ne na abin da ke faruwa idan dukiya ta canza hannu, kuma masu saye suka canza ra'ayi.

Samuel Cunard ya fara aikin a 1840, lokacin da jirginsa Britannia ya tashi daga Liverpool ta Ingila ɗauke da wasiƙu da fasinja zuwa Halifax da Boston. Kusan shekara ɗari, duk mai son ƙetare tekun Atlantika ba shi da wata hanya sai jirgin ruwa. Daga 1958 jiragen sama masu gudu suka fara wannan hanya, tafiyar kwana biyar ta koma ta sa'o'i kaɗan. Fasinja suka gudu. Wanda ya rage ba mai gaggawa ba ne, mai neman hutu ne da shaƙatawa. Wato kasuwar da aka gina kamfanin a kanta ta watse, wata ta ci a wurin.

A 1971 kamfanin Trafalgar House, wanda ƙarfinsa ke wajen gine-gine da filaye, ya sayi Cunard. A watan Disamba na 1994 aka ga illar riƙon sakainar kashi: QE2 ya tashi zuwa New York alhali ba a gama gyaran da ake yi masa ba, fasinjojin da suka biya kuɗi masu yawa suka tarar da ma'aikata na aiki a cikin jirgi, bututun ruwa na yoyo. Jaridu suka yi ta yayatawa, kamfani ya biya diyya. A 1996 kamfanin Kvaerner na ƙasar Norway ya haɗiye Trafalgar House, shi ma ba jigilar fasinja ce ta dame shi ba, sai ya nemi mai saye.

Mai sayen shi ne Carnival na Amurka, wanda ya karɓi mafi yawan hannun jari a 1998, ya cike sauran a 1999. Mutane da yawa a Ingila sun tsorata, saboda an san Carnival da jiragen kiɗa da rawa masu araha. Amma sabon mai gida ya gane abin da ya saya. Bai sayi tsofaffin jirage don ƙarfensu ba, ya sayi suna ne da amanar da mutane ke ba sunan. Sai ya zuba kuɗi aka ƙera Queen Mary 2 a Saint-Nazaire ta Faransa, mai tsawon mita 345, mai ɗaukar fasinja fiye da 2,600, ya fara aiki a Janairun 2004. Queen Victoria ya biyo baya a 2007, Queen Elizabeth a 2010, Queen Anne a 2024.

Abin lura shi ne abin da aka taɓa da abin da aka ƙyale. Fasinjan yau yana son ɗaki mai baranda da zai zauna ya kalli teku, sai aka yi yawancin ɗakunan Queen Mary 2 da baranda, alhali QE2 kaɗan gare shi. A gyaran 2016 an ƙara ɗakunan mutum ɗaya, domin masu tafiya su kaɗai sun yawaita. Amma shan shayin la'asar, da daren ado na musamman, da hanyar Southampton zuwa New York ta kwana bakwai, duk an bar su, saboda su ne ke kawo mutane. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ba duk abin da sabon mai gida ya yi ne muke yabawa ba. An ƙera Queen Victoria a kan fasalin da wasu jiragen rukunin Carnival ke amfani da shi, don rage kashe kuɗi, kuma tsofaffin fasinjoji sun yi ƙorafi cewa jirgin ya yi kama da na kowa. A 2011 aka ɗauke rajistar jiragen daga Ingila zuwa tsibirin Bermuda, kamfani ya ce don a samu damar ɗaura aure a kan teku ne. Ko ma mene ne dalili, kamfanin da ke tallan kansa da sunan Ingila ya cire sunan Southampton daga bayan jiragensa. Irin wannan ragi, idan ya yawaita, wata rana mai saye zai tambayi abin da yake biyan ƙarin kuɗi a kansa.

Mu a nan, daga Birnin Ƙonni zuwa Illela, daga Ɗan Issa zuwa Jibiya, kullum muna ganin rumfa ta koma hannun magada, ko motocin haya sun koma hannun wani alhaji. Kuskure biyu ake yawan yi. Wani zai zo ya kori tsofaffin yaran shago da suka san kowane abokin ciniki da sunansa, ya rage mudu, ya sauya ingancin kaya, yana zaton allon da ke ƙofa zai riƙe masa mutane. Wani kuma zai ce yadda mahaifinsa ya yi haka zai yi, ba zai karɓi kuɗi ta waya ba, ba zai tura hoton kaya ba, motarsa ba za ta tashi kan lokaci ba sai ta cika. Na farko ya cinye amana, na biyu zamani ya wuce shi. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

Shawararmu ga duk wanda ya gaji kasuwanci ko ya saya ita ce ya zauna da tsofaffin abokan ciniki kafin ya taɓa komi, ya tambaye su abin da ke kawo su da abin da ke damunsu. Abin da ke kawo su ya riƙe shi ko da yana da tsada, abin da ke damunsu ya gyara ko da tun zamanin kaka ake yinsa. Kuma kada ya buɗe ƙofa ga jama'a kafin ya gama gyara, kamar yadda aka yi wa fasinjojin 1994. Allah ya sa albarka a kasuwanninmu.